Dutsen da na ɗauko a bayan Nariya

Assalamu alaikum Admin, a sakaya sunana. Don Allah 'yan uwa ku ba ni shawara, abin nan ya daɗe yana cina.

Lokacin ina kwalejin ilimi muna karanta jogarafi, malaminmu ya koya mana yadda ƙanƙara ke gangarowa daga tsaunuka tana goge duwatsu a ƙasashen sanyi. Ya ce tunda mu ba mu da ita, mu je duwatsun wajen Nariya mu ga aikin ruwa da iska, kowa ya kawo samfur, akwai maki goma. Ni da shegen son a sani na ƙi tsintar tsakuwa kamar kowa, na zaga bayan wani falalen dutse na tarar da duwatsu biyu masu santsi a kafe, tsakaninsu bai fi kamu biyu ba. Na tumɓuke su, babban na wurgar, ƙaramin na sa a jaka, har na cike ramukan da ƙafa don malam ya ce kar mu ɓata wuri. Ɗan birni ne ni, kabari a sanina sai a maƙabarta.

Za mu shiga mota sai ga wata Bafulatana tana haki, ta ce wa malam an cire alamar kabarin 'yarta, duk shekarar da suka sauka da shanu tana zuwa yi mata addu'a, yau ta rasa wurin. Ba ta zagi kowa ba, tambaya kawai take yi. Malam ya tambaye mu, kowa ya musa, ni har da rantsuwa, ga jakar a kan cinyata. Muka tashi muka bar ta tana zagaye tana duba ƙasa.

Yau ni ma malami ne, ina da 'ya. Wallahi ko alli na ɗauka sai na ga matar nan a sunkuye. Dutsen yana akwatina, na kasa yarwa. Sau biyu ina komawa, an nome wajen, ban gane komai ba.

Yanzu wani abokina ɗan Kibiya, can wajen Nariya, ya ce matar tana raye, suna sauka bayan girbi. Ya ce in je in kafa dutsen ko'ina in nuna mata, hankalinta ya kwanta. In yi hakan ta riƙa addu'a a kan ƙasar da ba kowa? Ko in faɗa mata gaskiya, cewa ni ne, kuma ni ma ban san inda 'yarta take ba?