Ki Maido Mana Da Tsohon Firji

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan ke da maigidan da yara kuna cikin ƙoshin lafiya. Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan da sauƙi, Auta ta gama jarrabawa. Baba ne dai ba daɗi, kuma saboda shi na ɗauki biro.

Yaya, sabon firjin da kika aiko ya iso, Allah ya saka da alheri. Ranar har rawa na taka. Na kwashe kayan cikin tsohon, na narkar da ƙanƙararsa, na wanke shi tas da ruwan ɗumi, na bi robar ƙofar da tsohon buroshi, direba ya kai miki shi shago kamar yadda kika ce. Ina ta murna mun rabu da gurnanin nan nasa mai hana mutum jin rediyo. Ashe idon Baba na sa aka ɗora a mota.

Shekara tara rabonsa da gani, amma cikinmu ba wanda ya taɓa tambayar yadda yake zuwa banɗaki ya dawo, ba sanda ba ɗan jagora. Ƙarar firjin yake bi! In tana kunnensa na dama, ƙofar falo na gabansa. In ta koma bayansa, taku shida sai banɗaki. In an ɗauke wuta yakan zauna ya jira, mu muna cewa hutawa yake. Shi kuwa wannan sabon ko uffan ba ya cewa.

Sau biyu Baba yana faɗuwa, na biyun goshinsa ya fashe a gefen tebur, sai a nan ya gaya mini. Na ce zan riƙa kama hannunsa, ya ce ’yar da ya yi wa tsarki da hannunsa ba za ta kai shi banɗaki ba. Kin san halinsa. Na ajiye rediyo a wurin, ya ce surutu rikita shi yake. Na kira mai gyara na roƙe shi ya sa wa sabon ƙara, mutumin ya yi ta dariya, wai bai taɓa jin irin wannan ba.

Yanzu ya daina shan ruwa don kada fitsari ya kama shi. Shayinsa ma sai ya huce a kofi. Leɓɓansa duk sun tsage, likita ya ce in aka ci gaba haka ƙodarsa za ta taɓu. Ya hana ni gaya miki, wai kada ki ga ya raina kyautarki. Wallahi tsoro nake ji, Yaya, dabara ta ƙare mini.

Don girman Allah ki sa a ɗoro mana tsohon firjin cikin satin nan. A tsaye za a ɗauko shi, kada a kwantar, a ɗaure ƙofar da igiya. In ya iso zan bar shi ya huta wuni guda kafin in kunna. Na share masa wurinsa, shatin ƙafafunsa na nan a ƙasa.

Ki gaishe da Baban yara, da ’Yan biyu, da Gwaggo mai ɗinki. Direba ya ce kina shirin kai firjin a gyara masa ƙarar nan. Yaya, na roƙe ki, kada kowa ya taɓa ta.

Ƙanwarki,
Mai sunan Inna