Tabon da Ke Bayan Obadiah

Vermont, 14 ga Afrilu, 1809

Zuwa ga Yayana, Mai Shari'a Eliphalet Thayer, a ƙasar Ohio.

Bayan gaisuwa irin wadda tarbiyyar gidanmu ta ɗora mini, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Allah ya ƙara maka tsawon kwana, don ina so ka karanta ta har ƙarshe. Mu nan muna lafiya. Ƙanƙara ta narke, hanya ta zama taɓo har gwiwar doki, tumaki sun fara haihuwa, mun kuma gama dafa ruwan itacen da muke fitar da sukari, ko da yake bana babu mai sara mana itacen wuta kamar da.

Wasiƙarka ta ta'aziyyar ƙaninmu Obadiah ta iso bayan mun binne shi da mako bakwai. Layi uku ka ba mamacin, shafi biyu ka ba kanka. Ka ba mu labarin sabon ɗakin shari'arku na bulo, da yadda ake miƙewa in ka shigo, da yadda ka sa aka ɗaure wani mutum a turken kasuwa aka yi masa bulala talatin da tara saboda satar ɗan maraƙi. A ƙarshe ka ce in aiko maka da Keziah, marainiyar da Obadiah ya bari, ta tashi a gidan mutunci. To, ga amsata.

Ni na wanke gawar Obadiah, ni da matar limamin cocinmu. Ka san shekara talatin ba wanda ya taɓa ganinsa ba riga, ko a zafin yankan ciyawa, har muna yi masa tsiya muna ce masa amarya. Da muka juya shi sai na ga dalili. Daga wuya har ƙugu babu inda za ka ɗora yatsa ba a kan tabo ba, kamar gonar da aka yi wa huɗa aka sake gicciyawa. Matar limami ta rufe bakinta.

Ranar jana'iza wani tsoho mai ido ɗaya ya zo a ƙasa tun daga ƙetaren kogi, ya ce sunansa Lemuel Fisk, bukkarku ɗaya, shi da kai da Obadiah, a sansanin soja na Morristown lokacin yaƙi, a sanyin nan da kuka dafa takalma kuka ci. Na zuba masa ruwan tuffa, na tambaye shi kai tsaye game da tabon. Da farko ya yi ta kame-kame, ya ce abin da ƙasa ta rufe a bar mata. Na ce masa ni ba ƙasa ba ce. Sai ya ce an yanka tunkiyar wani manomi, aka tsinci fatar a ƙarƙashin shimfiɗarka, kai kuwa saje ne a lokacin, saura kwana kaɗan a ba ka muƙamin hafsa. Ya ce kafin ka buɗe baki Obadiah ya fito ya ce shi ne, alhali ranar yana kwance da zazzaɓi, ko romo bai kurɓa ba. Aka yanke masa bulala ɗari. Kuma wai sajen da aka sa ya tsaya yana ƙirgawa da ƙarfi a gaban runduna, kai ne. Lemuel ya ce muryarka ba ta ko girgiza ba, har shi ya ce a ransa wannan yaro zai yi nisa.

Ai kuwa ka yi nisa, Yaya. Kura da shan bugu, gardi da kwasar riba. Ka dawo da takobi, Baba ya yanka maka sa, ya sayar da gonar kwari ya tura ka koyon shari'a. Obadiah ya dawo da tari da kafaɗar da ba ta ɗaguwa, Baba yana ce masa rago a gaban baƙi, kana zaune kana yanka nama. Ban ga laifinka don ka ci tunkiya ba, yunwa ba ta san saje ba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne shekara talatin ɗin da suka biyo baya. Zumunci a ƙafa yake, kai ko a alƙalami ba ka yi shi ba. Shi kuwa har ya mutu, duk wanda ya taɓa sunanka a shagon maƙeri sai ya tashi masa, yana cewa yayansa ne ya fitar da gidanmu kunya.

Ban gaya wa Keziah komai ba, don ubanta bai so a sani ba, kuma ba zan tona abin da ya rufe da rigarsa ba. Na dai karanta mata tayinka. Ta tambaye ni ko kai ne kawun nan da ke sa a yi wa mutane bulala, na ce kai ne. Ta ce ita ta fi son tumakinta. Saboda haka kada ka aiko da keken doki, kada ka aiko da yadi ko littafi, za su koma yadda suka zo. Kada kuma ka ji tsoro, ba zan rubuta wa gwamnanku ko jarida ba. Kujerarka tana nan. Abu ɗaya nake roƙo: ranar da za a sake kawo maka mayunwaci, in ka yanke masa bulala, kada ka wakilta kowa. Ka sauko da kanka ka ƙirga, tunda ka iya.

Ka gaida matarka Lucinda, ba ta yi mini komai ba. Ka gaida yaranka Asahel da Prudence, Allah ya raya su, ya ba su zuciyar kawunsu Obadiah. Mijina Jotham ya ce in gaishe ka, na ce masa zan rubuta cewa ya faɗa. Gwaggo Submit tana nan da ranta, ta daina gane mutane, kullum tana tambaya ko yaran sun dawo daga yaƙi.

Ƙanwarka, uwa ɗaya uba ɗaya, tunda ba a canza wannan,

Mehitabel Thayer Cobb