Kun Rufe Fuskar Yayana, Kun Bar Hannunsa

Zuwa ga shugabannin ƙungiyar da ke tsaya wa 'yan daudu da ire-irensu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ni ne ƙanen mai tuyar masar nan na Jidda da kuka taimaka bara. Sunansa ba zai fito daga bakina ba. Nawa ma na ɓoye, ko da yake duk shayin da aka sha aka ji gishiri a layinmu, ni ake nema.

Na ɗaya, godiya. Ranar da maƙwabci ya kai ƙararsa aka tafi da shi, dangi suka yi kamar ba su taɓa cin masarsa ba. Ku da ko ɗanɗanawa ba ku yi ba, kuka samo lauya, maganar ta tsaya a kora zuwa Kano, garin da bai taɓa gani ba. Kuka sa aka tare shi a filin jirgi, aka ba shi ɗaki, aka saya masa tanda. Karatuna na allo ne, ban san dokokinku ba, amma na san wanda ya tsaya mana.

Na biyu, ranku ya daɗe, hoton da kuka sa a shafinku. Kun shafe fuskar, kun bar hannun. To mu nan hannun muka sani, shi yake miƙo masa ta bayan labule: jan lalle har wuyan hannu, tabon mai a babban yatsa, da zoben azurfar Ummarmu. Umma tana aikin gida a unguwar Safa, iƙamarta, wato takardar zamanta, a hannun kafili take, mai gidan da take wa aiki, matarsa kuma ta yi shekaru tana aikowa sayen masar nan, ba ta san ɗan wa ke tuyawa ba. Zoben kuwa ta san shi. Direbansu ya riga ya nuna min hoton a waya. Na rantse masa hannun wata Ba'indiya ne, ya yi dariya. In ya kai ga uwar gida, halas, shi ke nan, Umma ma sai jirgi.

Roƙona ku cire shi yau, kuma nan gaba ku tambayi na gida kafin ku sa. In dole sai da hannu, zan turo muku nawa. Bai taɓa tuya komai ba, babu mai gane shi.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya rufa muku asiri kamar yadda kuka so rufa nasa.

Wassalam,
Ƙanensa, daga Jidda.