Wanda Ya Sayar Da Filin Makafi Yana Neman In Janye Ƙara

Assalamu alaikum admin da jama'ar wannan gida, don Allah a ɓoye sunana, kuma don Allah ku ba ni shawara, domin zuciyata ta kai inda ni kaina tsoronta nake ji.

Ni mace ce, ina aure a Nassarawo a nan Mubi, ɗinki nake yi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, makaho ne, tun kafin a haife ni ya rasa idonsa. Na taso na ga yana bara, ba zan ɓoye ba, da shi aka ciyar da mu. Wanda yake riƙe masa sanda a lokacin wani maraya ne da Baba ya ɗauko, zan kira shi Hamma Buba, ba sunansa ba ne. A gidanmu ya girma, kwano ɗaya suke ci da yayyena, Baba ne ya sa shi a boko har ya gama sakandare, Baba ne ya yi masa aure. Sai da na yi wayo sosai na san ba cikinmu ɗaya ba.

Shekarun baya hukuma ta ba ƙungiyar makafi fili a bayan gari, ta hanyar Maiha, kusa da mayo, wato kogi. Aka yanka wa kowa nasa, da sharaɗin na noma ne da zama, ba a sayarwa. Wallahi wannan filin ne ya raba Baba da bara. Mu muke shuka masara da gyaɗa, shi kuma ya zauna a gindin wata tsamiya yana tufkar igiya, in an gama ya bi kunya-kunya yana shafa ganye da hannu yana gaya mana inda ciyawa ta fi yawa. Da yake ƙungiyar tana bukatar mai ido da ya iya rubutu, Baba da bakinsa ya ce a sa Hamma Buba sakatare.

To gari ya yi ta matsowa har ya iso wajen, fili ya yi daraja. Wata damina Hamma ya tara su ya ce za a raba taki, kowa ya dangwala yatsa. Suka dangwala, mutanen da ba sa gani, ga ɗansu ne ya riƙe musu hannu. Taki bai zo ba. Abin da ya zo buldoza ce, ana saura kaɗan a cire gyaɗa. Wani Alhaji mai fataucin shanu ya ce ya saya, ga takarda, ga yatsunsu. Ina tsaye aka ture tsamiyar nan, Baba yana tambayata ƙarar mene ne wannan.

Wani lauya ya tausaya ya karɓi shari'ar. Ƙara biyu aka yi, ɗaya ta fili tsakanin ƙungiya da Alhajin, ɗaya ta zamba da cin amana a kan Hamma, wannan da sunan Baba aka shigar. Aka kama Hamma, bai daɗe ba aka ba da belinsa. Daga nan sai ɗage zama, yau alƙali ya yi tafiya, gobe lauyansu ba shi da lafiya, ni ce mai ɗauko Baba a keke in kai shi in dawo da shi, Alhaji kuwa har ya zagaye wajen da bulo. Ranar da ba zan manta ba, Hamma ya tsaya a gaban alƙali ya rantse cewa tsofaffin da kansu suka ce a sayar, an karanta musu komai, tsufa ne ya sa suka manta. Baba ya juya fuskarsa wajen da muryar take, ya ce, “Buba, kai ne kake magana, ko wani ne mai irin muryarka?” Aka ce ya yi shiru, kotu ce. Tun daga ranar Baba bai ƙara ambaton sunansa ba, abinci ma sai da lallashi, kafin azumin da ya wuce ya rasu. Hamma ya zo ta'aziyya da sabuwar mota, na fita na gaya masa abin da ban taɓa gaya wa wani ɗan Adam ba, a gaban mutane, sai da mijina ya janye ni.

Yanzu ga inda matsalar take. Hamma sun ɓata da Alhajin, an ce Alhaji ya ga shari'a ta ƙi ƙarewa ya fara matsa masa, har ya sa an ƙwace motar. Sai ga Hamma ya aiko wa lauyanmu cewa a shirye yake ya tsaya a kotu ya faɗi gaskiya, cewa yaudararsu ya yi, kuma Alhaji ya san filin ba na sayarwa ba ne tun farko. Amma sai in an janye ƙarar zamba. Tunda Baba ya rasu ni nake tsaye a madadinsa, yayyena maza ba sa gari, sun ce duk abin da na yanke shi ke nan. Lauya ya gaya mini ƙiri-ƙiri, in Hamma ya ba da wannan shaida akwai kyakkyawan zaton fili zai dawo, in kuma na ƙi, mai yiwuwa a ɗaure shi, amma shari'ar fili za ta iya jan shekaru, kuma ba tabbas.

Jama'a ni so nake a ɗaure shi. Ba zan yi muku ƙarya in ce na yafe ba. So nake in gan shi da ankwa, a sa shi a mota a gaban matarsa da 'ya'yansa, ya shiga inda shi ma sai an ja shi an kai shi, sai an ba shi zai ci. In ina kan keken ɗinki sai in tsinci kaina ina tsara abin da zan gaya masa ranar da za a yanke hukunci, har na ɓata wa wata kwastoma atamfa. Ba nadama ce ta kawo shi ba, wuya ce. Da a ce shi da Alhaji suna shiri, da har gobe yana kan rantsuwarsa.

Mun yi faɗa da mijina a kan wannan, ya ce fushina nake bi ba hakkin Baba ba, na ce shi ba ubansa aka yi wa ba, kwana biyu ba mu yi magana ba. Dada, mahaifiyata, ta ce ita ba ta son ta ƙara jin sunan kotu, kuka kawai take yi, don ita ta yi wa Hamma wanka yana yaro. Abin da ya fi karya ni, shekaranjiya shugaban makafin da kansa, abokin Baba, ya sa aka kawo shi har shagona. Bai yi mini wa'azi ba. Cewa ya yi, “'Yata, mu da muka rage duk mun koma bakin kasuwa da bara. In an ɗaure Buba za ki ji sanyi, mu kuma a ina za mu shuka?” Na ba shi ruwa ya sha ya tafi.

Zama na gaba bayan sallah ne, lauya yana jiran amsata kafin nan. Masu ilimin shari'a a cikinku, akwai hanyar da za a karɓi shaidarsa kuma a hukunta shi daga baya, ko in na janye shi ke nan ya sha? Kuma in na janye, me zai hana shi ya sake juyawa a gaban alƙali, mutumin da ya riga ya rantse a kan ƙarya? Malamai, in na ƙi janyewa tsofaffin nan suka mutu suna bara, ina da alhakinsu? Don Allah kada wanda ya ce mini in bar shi da Allah kawai, na sani, na ji har na gaji. Ku gaya mini yadda zan sa hannu in saki mutumin nan, in ci gaba da haɗuwa da shi a kasuwa yana tafiyarsa lafiya, ubana kuma yana ƙasa.