Almakashin Baba da Gwajin Wakili

Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ni ma lafiya, sai ruwan nan da ya ƙi ɗaukewa yau kwana tara.

Kin ce har yanzu ba ki gane aikin da ya raba ni da gida ba. Akwai wata manhaja mai basira da muke kira Wakili. Shi ke karɓar saƙon marasa lafiya a madadin asibiti: wannan a ɗage masa ranar ganin likita, wancan a soke. Kayan aikinsa arba'in ne, amma ba ya ganinsu. Bayanin da aka rubuta a kan kowanne kawai yake karantawa ya zaɓa. In na daɗe ina kallon allo, sai in riƙa hango shi kamar baƙo a wani dogon ɗaki mai hazo, yana tafe yana shafa akwatuna, yana neman takardar da za ta gaya masa gaskiya.

Shekara uku ni ke rubuta bayanan nan. Bara aka ɗaga ni daga kujerar aka ba wata da muke kira Mai Gilashi, ko sannu da aiki ba a ce mini ba. Kurɓar shayinta har bakin ƙofa ake ji. Yanzu Oga ya ce in gwada Wakili sau ɗari biyu da tsofaffin bayanaina, sau ɗari biyu da nata. Wanda nasa ya fi shi zai zauna, ɗayan ya tattara ƙarshen wata. Ni aka ba gwajin don ba wanda ya iya shi sai ni, kuma ni kaɗai ke ganin sakamakon. Alhamis zan miƙa.

Ki gaishe mini da kowa.

Ƙaninki.

*

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, yara suna ta tambayar kawunsu mai ƙorafi.

Kai da ke tauna ƙanƙara kamar akuya, kai ne mai ganin laifin kurɓar shayi?

Mai gini yana son shagon Baba, shi ya sa na wuni jiya ina kwashe kaya. Ƙyallaye har gwiwa, ga ƙamshin man keken ɗinki kamar yanzu ya fita ya dawo. Ka tuna 'yan takardun da yake liƙa wa kayansa? Suna nan. A jikin babban almakashi: "Ba na takarda ba ne." A gwangwanin allura: "Ban da yadi mai santsi." A kwalbar mai: "Na ƙofa ne, kada a sa wa keke." Na taɓa ce masa, Baba, ba ka rubuta abin da suke yi ba. Ya ce wa ye bai san almakashi yanka yake yi ba? Wanda ya shigo bayana, abin da zai ɓata mini nake tare masa.

Wani tela yana son keken da almakashin. In ba shi?

Maganar Alhamis ba ruwana. Na san wanda ya haife ka.

Yayarka.

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Wasiƙarki ta same ni a motar zuwa aiki, gilashi duk ya yi raɓa. Ban san sadda na lula ba: sai ga ni a dogon ɗakin nan mai hazo, amma akwatunan na Baba ne, shi kuma yana can ƙarshe yana taka keke, bai ɗago ba. Har na wuce tashata.

Ga abin da na gani. Wata ta rubuto, "Ba zan samu zuwa gobe ba, jikin ya matsa." Da bayanina, Wakili ya soke mata ganin likitan gaba ɗaya. Gwaji ne, ba mutum ba ce ta gaske, amma na ji kamar ni na rufe mata ƙofa. Sau talatin da ɗaya ya yi irin haka da nawa. Da na Mai Gilashi, sau huɗu.

Na buɗe nawa. Hausar banza, Yaya, sai tsari da kyau: yana soke wannan, yana share wancan. Na buɗe nata. Gajeru, ba ado, amma ƙarƙashin kowanne akwai layi ɗaya: "Kada a taɓa wannan sai mutum ya ce ya fasa zuwa. In wata rana yake so, ga na ɗagewa can."

Ba zan ɓoye miki ba, da na cire saƙonni ashirin da bakwai daga gwajin, da mun yi kunnen doki, kuma ba mai sani. Na kai hannu. Sai ga Mai Gilashi da kofin shayi biyu.

"Malam, ka kashe ni ko da saura?"

Na ce, "Wa ya koya miki rubuta kada?"

Ta ce, "Uwata ma'aikaciyar jinya ce. Ko kwalbar gishiri a gidanmu sai da gargaɗi."

Na miƙa sakamakon yadda yake. Oga ya karanta a tsaye, ya ce, "Ka san ma'anar wannan?" Na ce ni na ƙirga. Har yanzu ina jin haushin yadda suka ɗaga ni, kuma shayinta ruwa ne tsararo. Amma ta fi ni.

Sai mun haɗu.

Ƙaninki.

*

Auta,

Sannu. Na share ɗakinka, na shanya katifa.

Keken na ba telan. Almakashin yana ƙarƙashin matashinka, da takardarsa. Na ƙara layi ɗaya da hannuna: "Ba na bayarwa ba ne."

Ka faɗi ranar, maigidan zai je tasha.

Yayarka.