Teburin Da Ba Mai Ci A Kansa

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar ɗa ga mahaifiyarsa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

Kin san ban same ki ba. Ranar da kika rasu ina Parakou; kafin motar garinmu Djougou ta cika ta tashi, har an dawo daga maƙabarta. Ko likkafaninki ban taɓa ba. Tun ranar nake neman wani abu naki da zan ɗora hannu a kai.

Halin nan da kike yi mini tsiya a kansa ban bari ba. Duk Lahadi ina rumfar gidanmu na unguwar Albarika a nan Parakou da tsofaffin katakai, ina zuba musu rezin, ruwan nan mai kauri da ke daskarewa ya koma kamar gilashi. Kina cewa, "Kai da gara ban san wa ya fi son ruɓaɓɓen itace ba."

Da na je sadakar arba'in ɗinki, na tarar ana gyaran masallacin unguwarmu, an zubar da tarkace a waje. A ciki na ga wani faffaɗan katako, baƙi, ruwa ya ci tsakiyarsa. Magina suka ce in ɗauka. Ni da na bar gida tun ina yaro, ina zan san shi?

Na goge baƙin nan tas har farin itace ya fito. Na cike tsagarsa da shuɗi irin na zanen da kike so, na rufe shi ciki da bai. Ya zama tebur. Jikokinki har tuwo sun ci a kansa.

Sai Gwaggo Hajara, ƙanwar Baba, ta zo ganin likita ta sauka wurinmu. Tana ganinsa ta ɗauki salati. Da gutsurarren gefensa ta gane shi. Ta ce, "Ɗan nan, katakon wankan gawa ne fa. A kansa na wanke uwarka da hannuna."

Tun ranar surukarki Rabi ba ta yarda ya sake kwana a ɗaki ba, kuma ban ga laifinta ba. Na aika wa liman ko a mayar, ya ce sun yi sabo, ba abin da za su yi da tebur. Yanzu yana rumfa, an lulluɓe shi da buhu, yara na kauce masa.

Ni ba tsoronsa nake ji ba, Inna. Baƙin ciki ne ke cin raina. Abin da nake nema ya zo har hannuna, na rufe shi da kaina.

Shekaranjiya na ɗauko kurfi da guduma, na ce ko wurin tafin hannu ɗaya ne sai na ɓanɓare, in taɓa inda bayanki ya kwanta. Na sha wuya kafin katakon ya fito. Na ɗora hannu, sai na ga fari ne. A nan na tuna: baƙin da ya taɓa jikinki ni na goge shi tun farko, Rabi ta share garin katakon ta kai juji, damina ta wuce a kansa.

Na ajiye gudumar. Ban sake zuba rezin ba, kuma ba na jin zan sake.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa wankan nan ya zama na shiga Aljanna. Hannuna bai kai gare ki ba, Allah Ya sa addu'ata ta kai.

Ɗanki mai tsince-tsince,
Bashiru