Na Fasa Bakin Nas Ɗin Da Ke Jinyar Innata

Assalamu alaikum mutanen wannan gida. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, wanda zai zage ni ya zage ni, na cancanta, amma bayan zagin ya ajiye min magana ɗaya mai amfani, don ranar Litinin ɗin nan komai zai ƙare.

Ni manomi ne, ina noman rani a wajen Watari, tumatir da albasa, kuma ni ne ɗan fari a wajen Innarmu. Ba zan yi muku ƙarya ba, ina da zuciya, hannuna yana riga bakina magana, abokaina ma Fetur suke ce min. Sati uku da suka wuce Inna tana suyar ƙuli-ƙuli da hantsi, dutsen murhu ɗaya ya goce, kaskon mai ya kife mata tun daga cinya har tafin ƙafa. Ina gona aka kira ni. Na tarar fatar ta saluɓe kamar ta tumatirin da aka tsoma a ruwan zafi, ita kuwa ko uffan, ta cije leɓe har jini yana bin haɓarta. Inna ta haifi tara, ba wanda ya taɓa jin kukanta.

Sai muka yi abin da muka taso muka ga ana yi. Na yanka zomayena biyu, muka tsige gashin, aka shafa ɗanyen ƙwai, na lulluɓe ƙunar da gashin zomo da hannuna, ina ganin na yi abin kirki. Kwana huɗu muna cewa yana kamewa. Rana ta biyar ɗakin ya ɗauki wari, jikinta ya yi rau da zazzaɓi, ta fara sambatu, sannan muka sa ta a a-kori-kura zuwa wani asibitin gwamnati da ke yankinmu.

A nan muka haɗu da nas ɗin, zan kira ta Sista Saratu, ba sunanta ba ne. Bahaushiya ce Kirista, 'yar wani ƙauye ta wajen Kunci. Na zaci za ta wanke mu tas a kan gashin zomon, amma ba ta yi ba, ta ce kakarta ma haka take yi, sai dai yanzu gashin ya manne da nama ya tara mugunya, dole a cire shi duka ko a rasa ƙafar. Ta ce za ta yi allurar rage zafi, amma duk da haka zai yi ciwo sosai, maza su jira a waje. Na ji da kunnena, na ce to.

Muna tsaye a baranda ni da ƙanena, sai na ji Inna ta ƙwalla ƙara. Kuma ba ƙara kawai ba, sunana ta kira. Jama'a kun san kunyar ɗan fari. Tun da nake a duniya Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba, "wannan" take ce min, ko "mai gonar". Ranar sau uku ta kira shi, gatsal. Wallahi ban san lokacin da na banke ƙofar ba. Na ga kwano cike da jini da gashi, na ga naman Inna ja wur, na ga ƙarfe a hannun matar. Ban tambayi komai ba, na kwaɗa mata mari, na bi ta da naushi a baki. Ta faɗa kan teburin kayan aiki, kwanonin suka watse, leɓenta ya fashe, haƙorinta na gaba ya guntule. Na sunkuci kujerar ƙarfe zan sauke mata a ka, sai na ji an riƙe min riga ta baya. Inna ce, daga kwance.

Sista ta miƙe da ƙyar, ta tofar da jini a kwano, ta wanke hannu, ta sa sabuwar safar hannu. Ta dube ni ta ce, "Malam, fita ka ja mana ƙofa, ciwon a buɗe yake, ƙuda zai shigo. In na gama da Inna sai mu yi magana." Ta koma ta durƙusa ta ci gaba da aikinta, bakinta yana ɗiga a kan farar rigarta. Abokiyar aikinta ta tafi ɗauko ruwan wanke ciwo a lokacin, da ta dawo da gudu sai Sista ta ce santsi ne ya kwashe ta ta faɗi kan tebur. Kowa ya yarda.

To ga inda aka yi ta. Ashe ƙanena ya ɗauki ihun Inna a waya ta taga, ya tura guruf ɗin garinmu, ya rubuta cewa wata nas tana azabtar da tsohuwa. Kafin la'asar abin ya zaga ko'ina. Ya rubuta takardar ƙorafi zuwa ga hukumar asibitin, ni kuma a matsayina na babba na sa hannu, don a lokacin kaina bai huce ba, kuma gaskiya ina neman abin da zan rufe laifina da shi.

Kwana goma sha biyu na yi bayan haka ina zaune a asibitin nan ina kallon yadda take jinyar Inna da kumburarren baki, kullum ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Ba ta fara wankin ciwo sai ta yi allura ta jira ta kama jiki. Bandejin sai ta jiƙa shi ya saki da kansa, ko zai ɗau rabin awa. Ta gane Inna ba za ta taɓa cewa da zafi ba, sai ta riƙa kallon yatsun ƙafarta mai lafiya, da sun dunƙule sai ta dakata. Ta sa aka kawo kwando aka yanke gefe, ta kifa a kan ƙafar don kada zani ya taɓa ciwon. Tana aiki tana tsokanar Inna wai ƙuli-ƙulin ƙauyensu ya fi namu, Inna tana ramawa, har ta manta ana taɓa ta. In ta tashi aiki ba ta tafiya sai ta ga Inna ta sha kunu. Warin ya tafi, naman ya fara cikowa, Inna ta koma ce mata 'yata.

Wata rana da azahar na tare Sista a gindin darbejiya na tambaye ta me ya sa ta rufa min asiri. Ta ce ba don ni ba ne. In ta faɗa, abokan aikinta za su ajiye aiki, 'yan sanda su tafi da ni, a tura Inna Kano, kuma ƙafar ba za ta jure wannan jigilar ba. Ta ƙara da cewa yayyenta maza ba su da irin haƙurinta, gara su ci gaba da zaton tebur ne. Na buɗe baki in ba ta haƙuri, ta ce lokacin maganin wata mara lafiya ya yi, ta wuce.

Ranar Alhamis takardarmu ta yi aiki. An cire Sista daga ɗakin har sai kwamiti ya zauna ranar Litinin, kuma ni za a kira in maimaita abin da na sa wa hannu. Wadda aka kawo a madadinta ba muguwa ba ce, aiki ne ya yi mata yawa, ba ta da lokacin jiran bandeji ya jiƙa. Inna ta koma cije leɓe.

Na ce wa ƙanena zan faɗi gaskiya, muka yi kaca-kaca har muka shaƙe juna, sai da masu jinya suka raba mu. Shi cewa yake in na yi magana kotu ce da gidan yari, ga tumatir ya nuna, ga iyali, kuma wasu za su juya abin ya koma rigimar addini, wutar da ba mai iya kashewa. Wai ita iyaka a canja mata wurin aiki. Amma wani ma'aikaci ya faɗa min saboda yadda ihun Innan ya yaɗu a waya, korarta ake shirin yi. Matata kuwa ta ce in ban faɗa ba, ba ta san da wane ido za ta riƙa kallona ba. In kuma na ce in janye takardar kawai in yi shiru a kan dukan, ƙanena ya rantse ba zai janye nasa sunan ba, kuma dole a tambaye ni dalili.

Jiya na kai wa Inna kunu, ta juya fuska bango. Ba ta dube ni ba, kamar da bangon take magana, ta ce, "Yarinyar nan ce ta ce in daina cije baki, in yi kuka, in kira wanda na fi so a duniya in ji sauƙi. Ban san mari da naushi na kira mata ba."

Jama'a me zan yi? In tsaya gaban kwamiti in ce ni na fasa mata baki, ko da za a tafi da ni a tura Inna Kano, abin da ita kanta Sista ta haɗiye dukan don ta hana? Ko in fara zuwa wajenta in nemi izininta? Ko in bi ta wajen mai gari da dattawan ƙauyensu kafin Litinin? Masu aikin asibiti da ke cikin nan ku faɗa min gaskiya, akwai hanyar da za a wanke ta ba tare da an taɓa jinyar Inna ba? Ku taimake ni, don tun jiya kunun yana nan a ajiye, ta ce ba za ta sha daga hannun nan ba.